Wai in cire mata sunan 'Yar Bora ne?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya ko barcin kirki ban yi ba. Masu bin littafin da nake saki shafi shafi sun san Kulu, yarinyar nan ta gidan masunta a Argungu wadda uwarta ce bora a gidan. To tun a shafi na 3 na sa kakarsu tana yi wa yaran gida tatsuniyar ruwan Bagaja a tsakar gida bayan isha'i, daga ranar yara suka laƙaba mata 'Yar Bora, sunan ya bi ta har makarantar koyon jinya a Birnin Kebbi. Ni a ganina abin ya zauna. Kawai sai ga wata mai karatu ta biyo ni ta waya wai Anti ba sai kin wahalar da kanki ba ai mun san ƙarshe, Kulu za ta yi arziki ta auri mai kuɗi, Balki 'yar mowa kuma ta wulaƙanta. Wlh sai da jikina ya yi sanyi don kusan abin da na tsara ke nan. Ga shi ina shafi na 21. In koma in cire tatsuniyar da sunan gaba ɗaya ne ko ya zan yi?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Anti cire kawai ki huta. Yaran yanzu wa ya san wani ruwan Bagaja, ƙanena da ke ƙaramar sakandare na tambaye shi wace ce Ƙoƙi ya ce min wai mawaƙiya ce? Wallahi ba wasa ba

Anti Yauri: Hhhh Ɗan Jega ka kashe maganarka da kanka. In ba wanda ya san ta ya aka yi mai karatun ta hango ƙarshe tun daga nesa? Ai matsalar Maman Ilham an san ta ne fiye da kima

Ɗan Jega: To ai duk ɗaya Anti, wanda ya sani ya gane ƙarshe ya daina karatu, wanda bai sani ba bai ƙaru da komai ba. Riba ina?

Maman Ilham: Kai Ɗan Jega ka ƙara karya min gwiwa

Malam Na-Gwandu: Salamu alaikum. Na ga abin da kuka yi tun ɗazu, ina masallaci ne. Ɗiyata kar ki cire. Shekara talatin da wani abu ina koyar da Hausa kafin in aje aiki, bari in hwaɗa miki abin da nig gani. Wanga abu da kike tsoro ba sabo ba na. A 1933 anka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya ƙarƙashin Rupert East, cikin littattafan da sunka fito a 1934 akwai na Abubakar Imam, kuma sunan tatsuniyar ga taki yas sa mishi, Ruwan Bagaja. Duk Bahaushen da yaɗ ɗauki littafin lokacin nan ya san labarin ɗiyar bora tun yana goye. Amma da ka buɗe mi za ka iske? Babu yarinya mai haƙuri. Namiji na, Alhaji Imam, yat tahi neman ruwan, kuma duk hanya wayo da ƙeta sukai ma juna shi da Malam Zurƙe. Ya ɗauko sunan da kowa ka jiran haƙuri cikinai, yas saka mutum mai halin Gizo. Kin ga sanin da mai karatu yay yi ma tatsuniyar shi na jarin marubucin, don da shi yaj juya mai karatu. Ke ma jarin ga na hannunki, kashe shi ne ba ki hwara ba.

Maman Ilham: Allah ya ƙara girma Malam. Na karanta shi tun muna sakandare amma wlh ban taɓa kallon abin ta nan ba

Anti Yauri: Malam ya zo an yi shiru hhh

Ustaz Kamba: Ni kam da izinin Malam ina da ja kaɗan. Ba wai ina cewa haramun ba ne, amma me ya sa kullum sai mun ɗora tarbiyyar yarinya a kan labarin da kowa ya san ƙarya ne? Cinya na magana, kare na magana, ƙwai ya fashe dawakai da bayi su fito. Muna da tarihin mata na gaske a ƙasar nan, ga Nana Asma'u da ɗalibanta mata 'yan taru, ga su nan an rubuta. Me zai hana a ce kakar ta riƙa kwatanta Kulu da irin waɗannan?

Malam Na-Gwandu: Ustaz ai tatsuniya ba ta taɓa ɓoye ma kowa ba. Mai yin ta da bakinta ka rufewa da ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Wanda yac ce maka ga ƙarya nan zan shirga bai yaudare ka ba. Kuma malammai na sunka rubuta mafi yawan waɗanda muke da su a takarda, da ajami. Littafin tatsuniyoyi na Bature Frank Edgar mai juzu'i 3 da anka buga tsakanin 1911 da 1913, da yawa daga abin da ac ciki daga hannun malamman ƙasar Sakkwato yaf fito, Bature Burdon da yay yi Razdan a can shi yab ba Edgar takardun. Maganar Nana Asma'u kuwa gaskiya ta, amma duba gidan da muke magana. Yara ba su tsokanar junansu da sunan mutanen kirki. Ba yaron da za ya bi yarinya da gudu shina ce mata Nana Asma'u don ta yi kuka.

Ustaz Kamba: Wannan kuma haka ne Malam. Na karɓa rabi

Anti Yauri: Rabin ma an gode Ustaz

'Yar Kaura: Ni tun ɗazu ina karantawa ban so in sa baki ba don abin ya taɓa ni, amma bari in faɗa ko zai amfane ki Maman Ilham. Ni ɗiyar mowa ce. Eh. A Kaura Namoda na tashi, aure ya kawo ni Birnin Kebbi. Gidanmu mata biyu ne kuma duk unguwa an san innata ce ta gaban goshi, ban zaɓa ba haka na buɗe ido na gani. Kakarmu ta wajen uba ita ke mana tatsuniya, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, fitilar ƙwai a gefe, mu kuma mun baje a tabarma har da yaran maƙwabta. Duk ranar da ta ɗauko ta ruwan Bagaja tun daga wajen da ake cewa ɗiyar mowa ce ta ɓata kirgi cikin dare aka laƙa wa ɗiyar bora, sai in ji idanu sun juyo kaina. Ba wanda zai ce komai fa. Sai dai wani ya ɗan taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu. In an kai inda ta yi wa cinya da kare rashin kunya ta zaɓi babban ƙwai, aka fasa kutare da makafi suka fito suka rako ta gida, sai a fashe da dariya ana kallona, ni kuwa shekarata bakwai ko takwas, ban ɓata kirgin kowa ba. Yayata ɗiyar ɗayan ɗakin ita kuma sai ta sunkuyar da kai kamar wata waliyyiya alhali wlh ita ke cinye min ƙuli a makarantar allo. To kun san me ya faru? Na ce tunda an riga an yanke ni ce mara kunya bari in zama. Na yi tsiwa ta gaske har sai da na yi aure na haihu kafin na fara tambayar kaina wai ni haka nake ko sa ni aka yi. Ita kuma yayata haƙurin da aka ɗora mata ya zame mata wani kaya, shekara goma sha tana zaune gidan da bai kamata ta kwana uku ba, in an ce ta yi magana sai ta ce ai mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kamar tana jiran a miƙo mata ƙaramin ƙwai.

Anti Yauri: Allah sarki. Wlh jikina ya mutu

Ustaz Kamba: Allah ya kyauta. Allah ya ba yayarki mafita

'Yar Kaura: Amin Ustaz, ai ta fito tuni, tana Gusau tana sana'arta, mun fi kowa shiri yanzu. Abin da nake so in ce Maman Ilham, na karanta shafukanki duka 21, Balki tana wajen a daren da aka yi tatsuniyar, ke kika rubuta tana kwance a cinyar uwarta. Amma ba ki taɓa gaya mana me ta ji ba. Kin bar ta ta zama ɗiyar mowar tatsuniya kawai, tana murguɗa baki tana fasa kwano daga shafi zuwa shafi. Shi ya sa aka gane ƙarshe. Ke ma marubuciyar kin yarda da hukuncin kakar.

Maman Ilham: Innalillahi. Yaya wlh kin kama ni. Ban taɓa tunanin Balki ta ji komai ba

Ɗan Jega: To ni na janye maganar cirewa. Amma tsakani da Allah har yanzu ina ganin in marubuci ya ce wane Gizo ne ko wance 'yar bora ce ya gama kashe mutum, ya zama hoto. Na karanta littattafai da yawa a waya da ake yin haka, da an ce saurayi Gizo ne shi ke nan mayaudari ne har ƙarshe ba wani abu

Baban Walid: Saboda masu rubutawar ba su san Gizo ba ne, sunansa kawai suka sani. Gizo ai ba ƙarya ce kaɗai gare shi ba. Ɗan ƙaramin abu ne mai yunwa a dajin da zaki da kura da giwa ke iko, ba ƙarfi ba dangi, in bai yi dabara ba a ci shi. Ku tuna wadda ya ba giwa bakin igiya ya ba dorina ɗaya bakin, kowacce tana ja tana zaton da Gizo take ja. Wa ke jin haushinsa a nan? Kowa daɗi yake ji. Amma ku tuna ta hankaki da suka ara masa gashi suka kai shi cin ɓaure tsakiyar ruwa, ya hana su ci, duk wanda suka nufa ya ce nasa ne shi ya fara gani, har suka ƙwace gashinsu suka bar shi can. A nan kuma kowa cewa yake Allah ya ƙara. Mutum ɗaya ne fa. In za ka sa wa ɗan littafinka Gizo sai ka yanke wanne kake nufi a wane shafi, kuma wa ke kiransa haka. In uwarsa ce ta ce kai Gizo tana dariya don ya samo musu abinci ranar da babu, daban. In matarsa ce ta faɗa cikin dare bayan ta gano ya sayar mata da akuya, daban.

Anti Yauri: Matar ai ita ce Ƙoƙi, kuma rabin matan guruf ɗin nan Ƙoƙi ne, mun san komai muna dai kallo ne

Baban Walid: Anti ban da tone tone

Anti Yauri: Ban kama suna ba hhhh. Amma da gaske ita Ƙoƙi ba a ba ta haƙƙinta. Ita kaɗai ce duk dajin ta san Gizo ciki da bai, ta san ƙaryar kafin ya gama ta da tsamin bakin nan nasa, kuma gobe tana nan. Ni da za a rubuta min littafi a kan mace da ake ce wa Ƙoƙi da na saya ko nawa ne. Mu nan Yauri da muke ganin dorina da idonmu a kogin Kwara in aka yi ta jan igiyar nan yara har tashi suke tsaye

Admin: Jama'a a dawo kan Kulu don Allah, an fara tafiya daji

Ɗan Jega: Admin minti ɗaya. Tunda Argungu ne labarin me zai hana uban Kulu a riƙa kwatanta shi da Kanta? Ai ya fi Gizo da su kura nauyi

Malam Na-Gwandu: Kanta ba tatsuniya ba na ɗana. Mutum na da yay yi zamani a ƙarni na 16, yaf fid da Kabi daga hannun Songhai, ganuwar birninai Surame tana nan ana zuwa gani, ga gidan tarihi mai sunanai nan cikin Argungu. Akwai labarai da anka ɗora mishi na baka, wanga gaskiya na, amma in ka kira mutum Kanta kirari kay yi mai. Kirari ɗaga mutum shikai. Sunan tatsuniya kuwa cikin gida aka samun shi, wurin waɗanda sunka san inda ka yi maka ciwo. Masunci mai mata biyu da ba ya iya raba kwana daidai, in anka ce mishi Kanta ai sai dai in gatse na.

Baban Walid: Gatsen ma zai yi daɗi a bakin uwar Kulu Malam

Maman Ilham: Hhh na rubuta wannan a gefe. Amma ku tsaya, maganar Yaya 'Yar Kaura ce ta hana ni sakat. Ga abin da na ɗan taɓa yanzu a waya, shafi na 22, ban gyara ba ku yi haƙuri da kurakurai. Kulu ta dawo hutu ta tarar Balki ta dawo gida da yaro ɗaya aure ya mutu, uwar Balki kuma ta tsufa maigida ya yi amarya, yanzu ita ma ba kowa ba ce. Da dare an ɗauke wuta yara suka taru suka ce Anti Kulu a yi mana tatsuniya, kakar ta rasu. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka ce ta zo mu ji ta. Ta fara ta ruwan Bagaja don ita ta fi iyawa, ta kai daidai wajen kirgi sai ta hango Balki a bakin murhu ta daina fifita wuta, mafici a hannu, ba ta juyo ba. Ɗan Balki kuma yana jikin Kulu yana cewa sai me ya faru Anti, wa ya ɓata kirgin? Kulu ta yi shiru. Sai Balki ta ce, ba ta juyo ba har yanzu, gaya masa mana, ai ni ce. Nan na tsaya ban san me Kulu za ta ce ba

'Yar Kaura: Kar ki sa ta ce komai tukuna. Wayyo. Maficin nan

Anti Yauri: Kin ga yanzu ni ban san ƙarshe ba kuma ina so in sani

Ustaz Kamba: Ni ina ganin ta nemi yafiyarta a nan, ai dama ce

Baban Walid: A'a Ustaz da wuri haka? Kulu fa ta ci moriyar sunan nan shekara da shekaru, duk wanda ya ji 'Yar Bora tausayinta yake ji tun kafin ta buɗe baki, malamai a makaranta, dangi, har saurayin. Ba za ta saki abin nan cikin dare ɗaya ba. Ni so nake ma a nuna tana jin daɗinsa a ɓoye, tana ganin arziki haƙƙinta ne da aka rubuta tun a tsakar gida, in ya ƙi zuwa ta rasa wa za ta kama

Ustaz Kamba: To kar dai a mai da haƙuri abin dariya, shi ne tsorona

'Yar Kaura: Ba wanda ya raina haƙuri Ustaz. Na yayata da nake faɗa ba don Allah take yi ba lokacin, ita da kanta ta gaya min, don kar a ce ta fita daga layin 'yar kirki ne. Wanda take yi yanzu da take tashi da asuba tana suyar ƙosai tana biyan kuɗin makarantar yara, shi ne na yarda da shi

Ɗan Jega: To Anti mai kuɗin fa, za ta aure shi ko an fasa?

Maman Ilham: Ɗan Jega bar ni in ji da maficin tukuna

Malam Na-Gwandu: Ɗiyata shafin ya yi, Allah shi yi albarka. Gyara guda ni ka gare ni kuma tun shafi na 3 ya kamata in hwaɗa. Tsohuwar da anka haifa Argungu, matar masunta, wadda ta ga ana shiga gulbin Matan Fada kamun kihi da gora da homa tun tana yarinya, ba ta cewa zo in yi muku tatsuniya, gatana za ta ce. Kuma yaran gidan ba su ce ma Kulu 'Yar Bora, wagga Hausar Kano ta. Ɗiyar Bora za su ce. In sunan za ya manne mata har girma to shi fito da harshen gidan da anka raɗa shi. In ta tahi makaranta Birnin Kebbi ta gamu da 'yan gabas sunka mai da shi 'Yar Bora, sai ki bari ta ji banbancin a kunnenta, na gida shi ka sukar ta, na makaranta suna na kawai.

Maman Ilham: Kai Malam, wato in koma shafi 21 ina bin suna ɗaya ɗaya

Malam Na-Gwandu: Da cirewa za ki yi ai da komawar za ki yi

Maman Ilham: Haka ne kuma. To masu jiran shafin gobe ku yi haƙuri sai jibi, cajina saura 4 kuma ba wuta. Yaya 'Yar Kaura zan kira ki da safe in kin sallami yara, akwai abin da nake so in tambaye ki kan daren nan na gyaɗa

'Yar Kaura: Ki kira bayan ƙarfe 9. Ki tanadi kati da yawa